Sarƙar ƙarfe ga Seiko SKX007: me ya sa wata ta ninka wata kuɗi sau goma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da agogon Seiko SKX007 da na saya na hannu. Da madaurin roba ya zo, robar ta bushe ta tsage. Na sa masa na fata, bai jima ba ya fara wari saboda alwala da gumi. Yanzu ina so in sa masa sarƙar ƙarfe marar tsatsa, amma ba ta kamfanin ba. Na ga masu araha a kasuwa, na ga wasu a intanet da kuɗinsu ya kai ninki goma, kuma dukansu milimita 22 aka rubuta. Ina bambancin yake, kuma wacce ya kamata in saya?

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da ka yanke daidai ce. Mutumin da ruwa ke taɓa hannunsa sau biyar a rana, ga kuma gumin bazara, madaurin fata ba nasa ba ne, ko da kuwa fatar mai tsada ce. Ƙarfe ake wanke shi da sabulu ya koma sabo. Kuma ka yi sa'ar agogo, domin tun da Seiko suka fito da SKX007 a 1996 har suka daina yin sa wajejen 2019, da wuya a sami agogon da masu ƙera kayan canji suka yi wa hidima kamarsa. Matsalarka ba rashin sarƙa ba ce, yawanta ne.

Wannan 22 da kake gani faɗin tsakanin kunnuwan agogo ne kawai, wato ƙahonin nan biyu da madauri ke shiga tsakaninsu. Bai gaya maka komai a kan lanƙwasar jikin agogon ba, bai gaya maka tudun kunnuwan ba, bai kuma gaya maka nisan ramin fil, wato ɗan sandan ƙarfen da ke riƙe madauri a tsakanin kunnuwan, daga jikin agogo ba. Seiko SRP777 da ake yi wa laƙabi da kunkuru 22 ne. Casio MDV-106 ma 22 ne. Ka ɗauko sarƙar da aka yanka wa ɗayansu ka ce za ka sa wa naka, ko dai fil ɗin ya ƙi kaiwa raminsa, ko ya shiga bakin sarƙar ya yi ta rawa, ko ya tsaya sama da kunnuwan kamar an ɗora shi. Madaurin roba da na fata suna yafe irin wannan saɓani domin suna lanƙwasa. Ƙarfe ba ya yafe ko rabin milimita.

Saboda haka sarƙa iri biyu ce tun daga baki. Akwai mai miƙaƙƙen baki, wadda za ta shiga kowane agogo mai faɗin 22, amma ta bar giɓi tsakaninta da zagayen agogon, kana hango fatar hannunka ta ciki. Yawancin na kasuwa irin wannan ne. Akwai kuma wadda aka yanka bakinta da siffar agogo guda, ta rungume shi babu giɓi. Ita nake so ka nema, kuma dole mai sayarwa ya rubuta SKX007 ko SKX009 ƙarara, don jikinsu ɗaya ne. Kada ka ruɗe da SKX013, ƙaninsu ne, faɗin kunnensa 20. Tun da na hannu ka saya, ka kai wa wanda ya san Seiko ya duba maka tukuna, domin jabun wannan agogo sun yi yawa, kuma jabun ba ya bin ma'aunin na asali. Sai ka sayi sarƙa mai kyau ka yi ta zagin mai ita, alhali agogon ne da laifi.

Ita wannan gaɓa ta baki, wadda ke haɗa sarƙa da agogo, nan ne kaso mai tsoka na kuɗin ke tafiya. Ta araha falle ne na ƙarfe aka buga a inji aka naɗe, cikinta fanko. Ta tsada daga dunƙulen ƙarfe aka sassaƙo ta, masu sayarwa kan taƙaita sunanta da haruffan SEL. Ba na raina mai fanko gaba ɗaya. Sarƙar da Seiko da kansu suke haɗo wa SKX007 irin ta ce, tana kacau-kacau a hannu, amma ba ta da nauyi kuma tana da daɗin sawa, har akwai masu agogon da ba sa yarda su rabu da ita. Kuma idan ta saki, mai gyara zai iya matse ta da filaya ta sake kamawa. Dunƙulalliya ba ta matsuwa: in ta zauna ta zauna har abada, in ba ta zauna ba sai mayarwa. Kada ka yarda wani ya ce bari ya goge maka kunnen agogo da magagari don sarƙa ta shiga. In za a goge wani abu, sarƙar za a goge, ba agogon ba.

Sai ka duba tsakiyar wannan gaɓa. A wasu, tsakiyar ta zarce gaba kamar harshe kuma ba ta motsi, sai bayan ta wuce sarƙar ke fara lanƙwasa. A wasu kuwa gaɓar farko ta sarƙa ce ke shigowa cikin bakin, don haka tana faɗawa ƙasa tun daga kunnen agogo. SKX007 daga kunnen sama zuwa na ƙasa milimita 46 ne, shi ya sa yake zama a hannun siririn mutum duk da girmansa. Mai harshen nan tana ƙara masa tsawo ta kowane ɓangare. Ka ɗauki tef ɗin tela ka auna tsintsiyar hannunka. In ba ta kai santimita 17 ba, ka zaɓi wadda ke faɗawa tun daga kunne, in ba haka ba agogon zai yi maka fuka-fuki.

Yanzu ga abin da mutane suka fi sakaci da shi, kuma shi ne ya fi jefar da agogo a kan kwalta. Duk nauyin agogonka da sarƙarsa a kan fil biyu yake rataye, 'yan sandunan nan masu sifirin a ciki da ke shiga ramukan kunnuwa. Fil ɗin da ke cikin yawancin agoguna kaurinsa milimita 1.5 ne ko 1.8, kansa kuma da ke shiga rami kamar 0.8. Na agogunan ninƙaya na Seiko daban ne: kaurinsa 2.5, kansa 1.1, kuma ramukan kunnuwan SKX007 an huda su ne daidai wannan kan mai kauri. Ba don ado suka yi haka ba. Ƙa'idar ISO 6425 da agogon ninƙaya ke cikawa ta tanadi a ja mahaɗin madauri da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20 ba tare da ya saki ba.

To, sarƙar araha ramin bakinta ƙarami ne, fil mai kauri ba ya ratsa shi. Sai mai sawa ya ciro siririn fil daga gwangwaninsa ya sa, ya ja sau ɗaya ya ce maka ya kama. Ya kama ɗin, amma kan 0.8 a cikin ramin 1.1 wasa yake yi. Kullum yana gugar ramin, a hankali ramin ya tashi daga zagaye ya yi tsawo, ran da hannunka ya maƙale a ƙofar mota ko hannun riga ya fizge shi, sai fil ya tsallake. Ramin kunne kuwa in ya lalace, gyaransa ya fi ƙarfin teburin mai gyara na bakin kasuwa. Don haka kafin ka biya, tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: sarƙar tana karɓar fil mai kaurin 2.5? Masu kirki suna haɗo nasu fil ɗin a cikin kwali. In ramin sarƙar ƙarami ne, akwai fil da ake yi musamman mai siririn jiki amma kansa 1.1, shi ne mafita. Abu ɗaya da za ka guje wa shi ne fil marar kafaɗa, wanda babu inda ƙarfen cirewa zai kama. An yi shi ne don agogon da ramin kunnensa ya ɓullo waje, a tura shi da tsinke. Ramin SKX007 bai ɓullo ba. Ka haɗa irin wannan fil da dunƙulalliyar gaɓa, ranar cirewa sai an yanka.

Batun ƙarfen kansa bai kai wannan rikitarwa ba. Ka nemi wadda aka rubuta 316L. Ƙarfe ne da aka gauraya da kurom kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da nikel kashi 10 zuwa 14, da molibdinom kashi 2 zuwa 3, kuma wannan na ƙarshen shi ke taimaka masa ya jure gishirin gumi. Akwai 304, irin na cokula da tukwanen silba, shi ma ba laifi, sai dai bai kai wancan jure gishiri ba. Za ka ji ana kururuta 904L saboda Rolex na amfani da shi. A kan Seiko ba ka da buƙatarsa, kuma mai sayar da sarƙar araha da ya rubuta 904L, ni ban cika gaskata shi ba. Abin gudu na gaskiya shi ne wadda ba ƙarfe marar tsatsa ba ce sam, tutiya ce ko tagulla aka yi wa ruwan kurom. Tana sabuwa ta fi kowacce ƙyalli. Bayan 'yan watanni ruwan ya fara ɓarewa ta ciki inda gumi ke taruwa, hannu ya yi kore ko baƙi, ƙuraje su biyo baya. Ƙurajen nan galibi nikel ne ke kawo su, shi ya sa Tarayyar Turai tun 1994 ta ƙayyade yawan nikel da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su riƙa saki. 316L na da nikel, amma yana riƙe da shi gam, ba ya sakin sa kamar ruwan shafe, don haka mafi yawan mutane ba ya damun su. In ka san kan bel ko tabarau na sa ka ƙaiƙayi, ka gwada ta kwana biyu kana lura, in ta tayar maka sai ka koma titaniyom ko roba mai kyau.

Wasu za su ce ka gwada da maganaɗisu. Gwajin rabi ne. In sarƙa ta manne masa da ƙarfi, ba 316L ba ce. Amma in ba ta manne ba, ba shaida ba ce, domin tagulla da tutiya ma ba sa mannewa. Kuma kada a yi gwajin sarƙa na jikin agogo. Injin 7S26 da ke cikin naka na sifirin ne, ba na batir ba, maganaɗisu na iya kama siririn sifirin da ke daidaita bugunsa, ka wayi gari agogo na gudu da mintoci. Saboda wannan dalili ba na son saƙaƙƙiyar sarƙar nan mai maɓallin maganaɗisu a kan irin wannan agogo.

Maɓalli shi ne wuri na biyu da kuɗi ke tafiya, kuma shi hannunka zai fi taɓawa. Na araha fallen ƙarfe ne, riƙonsa ya dogara da ɗan lanƙwasa, in ya gaji sai ya riƙa buɗe kansa. Mai kyau hannayensa sassaƙaƙƙu ne, yana da madannai biyu a gefe, da ɗan murfi da ke rufawa a kai. Amma abin da zan fi duba maka shi ne 'yan ramukan da ke gefensa. Hannun mutum ba ya zama a awo ɗaya: da rana a watan Afrilu ya kumbura, da sanyin hunturu ya koma, a ƙarshen azumi sarƙar da ta kama ka a Sha'aban ta fara zamewa. Madaurin fata sai ka matsa rami ɗaya. A sarƙa waɗannan ramuka ne ke yin wannan aiki, kowanne yana ƙara ko rage 'yan milimita. Maɓalli mai rami biyu kacal zai wahalar da kai, ka nemi mai huɗu zuwa shida. Akwai na zamani da ake zamar da su da yatsa ba tare da kayan aiki ba. Suna da daɗi ƙwarai, sai dai sukan yi kauri da tsawo, a siririn hannu sai maɓallin ya cinye duk cikin hannun.

Salo kuwa ra'ayi ne, ba zan daɗe a kai ba. Sunayen da za ka ci karo da su na Rolex ne aka ara: Jubilee mai jeri biyar da ta fito tare da agogonsu Datejust a 1945, Oyster mai jeri uku masu faɗi, da President ta 1956. Jubilee ta fi bin hannu da shan iska saboda ƙananan gaɓoɓinta, Oyster ta fi ƙarfi a ido. Ni a kan SKX007 Oyster nake so, wadda aka goge da burushi ba mai ƙyallin madubi ba, domin saman kunnuwan agogon ma haka aka goge su, kuma ƙarcewa ba ta fitowa a kanta da wuri. Ka zaɓi wadda ta fara da 22 ta sirance zuwa 18 ko 20 a wajen maɓalli. Wadda ta tafi 22 har ƙarshe nauyi ne kawai. Ka sa a ranka cewa dunƙulalliyar sarƙa za ta kusan ninka nauyin agogon, kwanakin farko za ka ji shi, daga baya hannu ya saba. Baƙar sarƙa da mai ruwan gwal shafe ne a sama, gefunan da ke gugar tebur su ke fara nuna farin ƙarfen da ke ƙasa.

Cikin masu ƙera wa SKX007 sarƙa da suka yi suna akwai Strapcode na Hong Kong, masu tambarin MiLTAT, da Uncle Seiko da yanzu ake kira Uncle Straps. Akwai kuma masana'antun Sin da dama da ke yin mai kyau a ƙasa da kuɗin waɗannan, sai dai a nan sai ka karanta bayanin kaya da kyau ka duba hotunan da masu saye suka ɗora, ba na mai talla ba. Wadda aka buga wa tambarin Seiko ko kambin Rolex alhali ba tasu ba ce, ka wuce ta. Mai ƙera abin kirki sunansa yake sawa.

In ta iso, ko dai ka kai wa mai gyara ko ka yi da kanka, amma ka san yadda ya kamata a yi don ka tsaya a kai. A shimfiɗa tsumma, a kifa agogon, a yi aikin ta baya domin duk ƙarcewar da za ta faru ta tsaya inda ido ba ya gani. A manna salatif a bayan kunnuwan. Akwai ɗan ƙarfe mai baki biyu da aka yi don cire fil, Bergeon 6767 shi ne sananne, amma na araha ma na yi. Reza da bakin wuƙa su ne suka ɓata kunnuwan agoguna da yawa. Dunƙulalliyar gaɓa ba ta shiga a karkace, sai an danne kawunan fil biyu kusan lokaci guda sannan a zura ta a miƙe, don haka tana son haƙuri. In an gama, ka saurari ƙarar shigar kowane kai, sannan ka ja da ƙarfi a kan tsumman, kada ka bari sai a titi.

Wajen ragewa, ka duba abin da ya haɗa gaɓoɓin. In ka ga 'yan kibiyoyi a ciki, fil ne, ana tura shi ta inda kibiya ta nuna, a mayar da shi ta inda ya fito. Wasu, musamman na Seiko, suna da ɗan bututu ƙarami ƙwarai da ke riƙe fil ɗin. Yakan faɗo ba a lura ba, a mayar da fil babu shi, bayan kwana biyu sarƙa ta rabu. In sukuru ne, a sami sukundireba da ta cika bakinsa daidai. In ya ƙi juyawa kada a tilasta, gam ne aka sa masa, a cire sarƙar daga agogo a jiƙa ta a ruwan zafi ya saki. Wajen mayarwa a ɗiga masa ɗan Loctite 222, gam ɗin riƙe sukuru mai sauƙin kwancewa, domin sukurun sarƙa na warware kansa a hankali. Kada a sa gam mai kamawa nan take, zai bi gaɓar ya daskarar da ita.

Kada a cire gaɓoɓin duka daga ɓangare ɗaya. Ana so maɓalli ya zauna a tsakiyar cikin hannu, kuma ga yawancin mutane hakan na nufin ɓangaren sarƙar da ke wajen ƙarfe shida na fuskar agogo ya ɗan fi na wajen ƙarfe sha biyu gajarta. In aka yi akasin haka agogon zai riƙa gangarawa can gefen hannu kana ta jawo shi. A yi awon da yamma, lokacin da hannu ya cika, a bar wurin da ɗan ƙaramin yatsanka zai shiga ƙarƙashin maɓalli da ƙyar. Masu sa agogo yana lilo kamar munduwa su suka fi kashe sarƙa da wuri.

Sarƙar da aka ce ta miƙe ba miƙewa ta yi ba. Ƙura ce da gumi suka shiga tsakanin gaɓoɓi suka zama kamar yashin guga, suna cin fil da raminsa. A ƙasar da hunturu ke cika komai da ƙura, wanki ba ado ba ne. Duk mako biyu ko uku ka sa tsohon buroshin goge baki da sabulu, ka ɗauraye, ka goge ta bushe. Shi ma ƙarfen yana son haka, domin abin da ke kare shi daga tsatsa wani siririn rufi ne da kurom ke yi idan ya haɗu da iska, kuma inda dauɗa da gishiri suka toshe, rufin ba ya sabuntawa. SKX007 an yi shi don zurfin mita 200, amma naka ya kwana biyu kuma ba ka san ran da aka canza robobin da ke tare masa ruwa ba. Har sai an gwada shi, ka tabbata kan saitinsa a murɗe yake kafin ruwa ya taɓa shi, wanki mai yawa kuma a cire sarƙar a yi. Fil biyun nan na kunnuwan agogo ka riƙa canza su duk shekara ko biyu, don sifirin da ke cikinsu na tsatsa ba ka gani, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ba ka faɗi sana'arka ba. In kana aikin wuta, ko kana sa hannu kusa da batirin mota ko na sola, ka cire agogon lokacin aiki ko ka haƙura da ƙarfe, domin sarƙa in ta haɗa kan batir da jikin mota tana yin zafin da zai ƙona hannu nan take. Mai irin wannan aiki madaurin nailan mai ratsawa ta ƙarƙashin agogo ya fi masa, wanda ko fil ɗaya ya karye ɗayan na riƙe da agogon. Masu karanta wannan da ke da wani agogon daban su ma su duba bayansa. In jikin roba ne, kamar Casio F-91W, sarƙa mai nauyi na iya fasa ramin kunnen. In kuma rubutun ya nuna murfin baya kaɗai ne marar tsatsa, jikin shafe ne, bakin sarƙa zai goge shi.

Sarƙar canji ba ta ƙara wa agogo daraja a wajen mai saye yadda mutane ke zato, mai neman SKX007 kayan asali yake tambaya. Don haka ka ajiye ƙarfen maɗaurin tsohuwar robar mai tambarin Seiko, da fil ɗinsa na asali, da gaɓoɓin da aka rage, duk a leda ɗaya. In kuɗin mai kyau bai samu ba yanzu, ka sayi madaurin roba mai faɗin 22 da ke karɓar fil mai kauri ka riƙe agogon da shi har ka tara, ya fi ka sa ta kasuwa a kan siririn fil.